Kabarin Haliru a Bakin Ruwan Gishiri

A Malanbil aka fara koya mana hankali, tun ba mu gama tsallaka iyaka da kyau ba. Ni ne da yayana Haliru, cikin shekarun tamanin, lokacin da fari ya biyo fari har gulbin Kalgo ya ƙanƙance yara na tsallaka shi ba su tuɓe wando ba. Haliru masunci ne, a Kalgo ya tashi hannun kawunnanmu. Ni kuwa ɗan ɗakin Inna ne, a Gwandu na zauna ina noman albasa a fadama, ruwan da na sani shi ne wanda ake ja da guga. Labari ya zo mana cewa can bakin teku a ƙasar Gana kifi ya yi yawa har ya rasa mai kama shi, kuma akwai wani mutumin Dalijan, Malam Buhari, da ke saukar da 'yan gida. Abin da ya fitar da mu ke nan.

A tashar Malanbil wani mutum ya tare mu da fara'a, Hausarsa tas, yana ta "sannunku 'yan'uwa". Ya karɓi buhun da ke kan Haliru, wanda birginsa ke ciki, ragar jefawa da ya shafe rani guda yana saƙawa da hannunsa. Ya ɗora bisa wata babbar mota, ya ce mu je mu ci abinci hankali kwance, ba za a tashi ba sai bayan azahar. Muka ci shinkafa da wake, har da neman ƙari. Da muka dawo, ba mota, ba mutum, sai tabon baƙin mai a ƙasa.

Ni na yi ta zage-zage, don ni zuciya gare ni tun ina yaro. Haliru ya nemi gindin bango ya zauna.

"Manu, laihinmu na," in ji shi. "Mutum yac ce muna 'yan'uwa tun bai tambayi sunanmu ba."

Na ce mu koma gida kawai. Ya dube ni ya ce, "In koma in hwaɗa ma Inna mi? An amshe min birgi tun ban ga ruwan ba?" Daga nan ban sake ta da maganar ba.

A Faraku muka yi dakon doya har muka haɗa na jirgin ƙasa. Jirgin nan ya fi jaki taurin kai, in ya ga dama ya tsaya tsakiyar daji ba wanda zai ce masa don me. A Kwatano muka fara ganin teku. Ni tsoro ya kama ni, ruwa ba ƙetare, kuma yana ta gurnani ba wanda ya tsokane shi. Haliru ya naɗe wando ya shiga, ya ɗiba da tafin hannu ya kai baki, ya tofar.

"Wanga ba ruwa ba na," ya ce. "Miya ta da anka cika ma gishiri."

Muka wuce Lome, muka shiga Gana da takalmi ɗaya tsakaninmu, don nawa ya tsinke a hanya muna karɓa-karɓa. A bakin iyakar wata mata mai tallan dokunu, tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ganye, ta ga yadda muke kallon tirenta. Ba ta jin Hausa, ba ma jin yarenta. Ta ɓare guda biyu ta zuba yaji da ɗan soyayyen kifi ta miƙo, da Haliru ya nuna mata aljihu ba komai sai ta kaɗa hannu ta juya ga wani ciniki. Ban san sunanta ba, amma har yau in ina addu'a takan faɗo mini.

Zangon Malam Buhari yana inda babban kogin ƙasar ke haɗuwa da teku. Wurin duk rafuka ne da laka da sauro, ga 'yan tuddai nan da can da mutane ke zaune a kai. Malam dattijo ne siriri, shi ne liman, shi ne kuma mai cinikin bandar kifi. Ya daɗe da barin gida har Hausarsa ta fara gauraya. Ranar da muka sauka bai bar mu mun huta ba.

"Tsamiyar bakin kasuwar Dalijan tana nan? Har yau ana kawo nono daga rugga ta gabas? Wane na da rai?"

Muka yi ta ba shi amsa, wanda muka sani da wanda muka ƙaga don kada mu ɓata masa rai. Ya samar wa Haliru gurbi a kwalekwalen 'yan gari, tunda ba shi da raga tasa. Ni aka ba ni bakin wuta, ina juya kifi bisa banda, idona na zubar da hawaye daga safe har yamma.

Abu biyu suka ɗaure mini kai a wurin nan. Na farko ruwan. Mu a gida gulbi sau ɗaya yake cika a shekara, kuma yana sallama kafin ya shigo. Nan kuwa kullum sai ya cika ya janye, ya sake cika ya sake janyewa, kamar mai neman abin da ya yar. A makon farko na wanke rigata ta Juma'a na shanya bisa yashi mai kyau, na tafi cin abinci. Na dawo na tarar da wurin ya zama tafki. Mutanen zango suka yi ta yi mini jaje suna ƙunshe dariya, wani ma ya ce in yi haƙuri, wataƙila wani kifi ne za shi masallaci.

Na biyu itacen wurin. Cikin ruwan gishiri yake tsirowa, saiwoyinsa a waje, sun sauko daga jikinsa sun kafe cikin laka ta ko'ina. 'Yan gari na ce masa atra, ni da Haliru muka sa masa mai-ƙafafu. Da shi ake banda, don wutarsa ba ta saurin mutuwa kuma tana sa kifi ya yi ja.

Kewar gida kuwa ba a magana. Ranar kasuwa nakan je inda ake sauke albasar arewa, ba don in saya ba. In tsaya ina duba ɗaurin buhunan, in na ga irin ɗaurinmu sai in ji kamar an kira sunana. Wata rana na sayi guda ɗaya na ajiye a ɗaki ina shinshinawa, har ta tsiro. Haliru ya ce bai taɓa ganin wanda albasa ke sa kuka tun ba a yanka ta ba sai ni.

A damina ta biyu masassara ta kama shi. Muka ce ta sauro ce, za ta wuce. Aka yi jiƙe-jiƙe, aka kai shi ɗakin magani a kwalekwale, aka dawo da shi. Ran nan da hantsi ya ce in gyara masa matashi, na gyara, shi ke nan. Ni da Malam muka yi masa wanka. Aka kai shi maƙabartar baƙi, wani ɗan tudu a bakin rafi da 'yan gari suka ba Musulmin zango tun zuwan na farko. Muka aika wa Inna ta bakin wani direban motar albasa. Na yi niyyar in ɗan tara abin hanya in bi bayan saƙon.

Ban kai ga tafiya ba sai na ga abin da ya tsayar da ni. Wata Juma'a bayan an sauko, na je yi masa addu'a. Lokacin babbar cika ce, wadda ke zuwa da tsayuwar wata da kuma in ya cika. Na tarar gaɓar tudun ta zube, ruwa ya gutsure ta kamar an sa wuƙa. Wani tsohon kabari na bakin gaɓa ya buɗe, ga abin da ya rage na bawan Allah a fili. Na kira mutane muka tattara muka sake rufewa can sama. Sannan na tsaya na auna da ido. Tsakanin ruwan da Haliru bai wuce tsawon kwalekwale biyu ba.

Na sami Malam na ce a tone shi a sake masa wuri. Ya ce wane wurin? Tudun nan kaɗai aka ba mu, saura duk gidajen mutane ne da ruwa.

"Manu, ƙasa ta Allah ta, ruwa ma nashi na. Mamaci addu'a shika so. Ka tahi gida, uwarka na jiran ka."

"Malam," na ce, "kihin da muka bandawa cikin ruwan ga shika kiwo. In na tahi, Inna ta tambaye ni inda ɗanta shike kwance, in ce mata mi?"

Ya ja carbinsa. Daga baya ya ce in yi abin da na ga zan iya, ba zai hana ni ba.

Abin da na iya shi ne na gida. Mu a fadama in ruwa ya yi barazana jinga ake yi masa. Na samu mutum biyu 'yan wajenmu, muka tara laka da ciyawa muka ja jinga a gaban gaɓar, muka daddaɓe ta har tana sheƙi. Na koma ina jin kaina. Ruwan nan bai ko yi fushi ba. Kullum ya zo ya lasa ya koma, kafin mako ya zagayo ba ka cewa an taɓa ɗora hannu a wurin.

Akwai wata tsohuwa 'yar gari, Iya Abla, ita ke kawo mana itacen banda a kwalekwale. Hausarta ta kasuwa ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Na lura duk sanda ta zo akwai kwando a gefenta cike da wasu 'ya'yan itace dogaye masu tsini, kamar 'ya'yan zogale. Na tambaye ta na miya ne? Ta ce 'ya'yan mai-ƙafafu ne, duk inda ta sara sai ta mayar, haka ubanta ya koya mata. Ta ce tana yarinya gaban maƙabartar nan duhu ne, ba ka hango rafi don itace. Aka yi ta sara, su da mu, ba mai mayarwa tunda wurin ba na kowa ba ne. Ƙafafun nan su ke riƙe laka, su ke karya ƙarfin ruwa kafin ya iso gaɓa.

Ta ba ni kwando guda, ta buɗe baki za ta yi bayani. Ni kuwa na riga na yi gaba. Dashe ne fa. Ni ɗan Gwandu za a koya wa dashe?

Na hau tudu na ja fangali kewaye da kabarin, layi-layi, kamar yadda ake wa albasa. Na bi gidaje na roƙi takin awaki na zuba. Na kafa 'ya'yan a jere, na kewaye da ƙaya don dabbobi. Safe da yamma ina ɗauko ruwan daɗi daga rijiya mai nisa, wanda mutane ke tattali don sha, ina yi musu ban-ruwa da ƙwarya. Ko ɗan fari bai ga gatan da suka gani ba. Suka yi ta yanƙwanewa suna baƙi, ni kuma ina ƙara taki.

Ran nan Iya Abla ta biyo ta rafi ta hango ni da ƙwarya. Ta tsayar da kwalekwale ta hau. Ta dubi fangalin, ta dubi takin, ta dube ni. Dariya ta kama ta har ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki. Raina ya ɓaci, na ce in ta gama ta ba ni wuri. Sai idonta ya kai ga tudun ƙasar da ke tsakiyar fangalin. Ta bar dariya, ta nuna shi da hannu.

"Wannan yayanka ne? Mai dariya, mai shiga jirgi?"

Na ce shi ne. Ta tashi ta kakkaɓe zane, ta kama hannuna kamar yaro ta ja ni ƙasa, can inda ruwa ya janye ya bar laka. Muka nutse har gwiwa. Ta ɗauki ɗa guda ta soka tsininsa cikin laka, ta saki.

"Shi ke nan," ta ce. "Wannan ba albasa ba. Ba ya son gata. Ka ba shi laka, ka ba shi gishiri, ka tafi gida."

Na ji kunya, amma na koya. Sai dai aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. In na kafa layi guda, ruwa ya tumɓuke rabi, ƙaguwa ta datse saura. Iya Abla ta ce sai an cika fagen lakar gaba ɗaya, da faɗi, su tsaya wa juna, kuma a yi shi cikin lokacin da 'ya'yan ke zuba. Na rasa yadda zan yi, ba ni da abin biyan 'yan ƙwadago. Ina juya kifi wata safiya sai na ce wa kaina, kai Manu, in gona ta fi ƙarfin mai ita a gida me ake yi?

Na sayi goro na bi zango gida-gida ina kiran gayya. Wasu suka yi mini kallon mahaukaci. Mutanen nan sun daɗe a bariki, ko tsinke za a ɗaga sai an yi ciniki. Wani ya ce shi bai baro garinsu don ya shiga laka ba. Amma goron gayya in ka karɓa ka karɓa, kuma ba wanda ba shi da nasa a tudun nan, ko ɗa ko mata ko abokin tafiya. Malam ya faɗa a masallaci bayan Juma'a. Matarsa ta fito da kukar da take ɓoyo don Salla ta ce ita za ta yi tuwo.

Ranar ba zan manta da ita ba. Da ruwa ya janye muka sauka, manya da rawunansu a ajiye bisa gaɓa, kowa da kwando a wuya. Da farko ana yi ana tsaki. Sai wani mutumin Masama, mai sayar da tsumma, wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya kifa kwano ya fara kiɗan noma, yana kiran mutane da sunayen kakanninsu da garuruwansu. Wallahi sai ga dattawa na tsere cikin laka. Na Kambaza ya ce ba za a wuce shi ba, na Kalgo ya ce ai laka gidansu ce. Matan su Iya Abla suka ji hayaniya suka zo kallo, kallo ya koma aiki, su ke miƙo 'ya'yan muna kafawa. Na waiwaya na ga Malam Buhari da wando a naɗe, laka har gemu, yana aiki yana share ido da kafaɗa.

"Rabona da gayya tun ubana na da rai," ya ce da ni.

Kafin ruwa ya dawo mun cika fagen. Muka ci tuwo a bakin gaɓa, muna kallon ruwa na rufe tsinkayen da muka kafa har suka ɓace. Na ɗauka ya kwashe su. Da ya janye suna nan tsaye.

Daga nan sai jira, kuma jiran ya fi dashen wuya. Itace ba ya jin sauri. Waɗansu suka mutu na mayar, waɗansu ruwa ya kwashe na sake mayarwa. Gaɓa ba ta daina zubewa nan take ba, kowace babbar cika sai ta ɗan ci, ni kuma in je in tsaya ina auna abin da ya rage. Saƙon Inna ya zo ta bakin direban nan: a ce wa Manu ya dawo, ita ba ta ba bakin teku ɗiya biyu ba. Na ce a ce mata bayan damina. Bayan damina na ce bayan Salla. Na san tana can tana cewa bariki ta cinye ni, kuma abin na ci mini rai, amma ba zan iya aika mata da dalili ba. Gara ta yi fushi da ni da ta kwana tana ganin ruwa na bin ɗanta.

A hankali suka yi ganye. Suka kai ƙugu, suka kai kafaɗa, suka fara sauko da ƙafafu suna kafewa, ƙafar wannan ta shiga ta wancan har ba ka iya ratsawa. Laka ta fara taruwa a gindinsu, inda dā nake nutsewa har gwiwa ya koma iya idon sawu. Ƙananan kifi suka dawo suna ɓuya a ciki. Shekarar da suka wuce kaina aka yi wata babbar cika da iska, irin wadda ke shiga har cikin gidaje. Da safe na tafi da gudu. Can gefe, inda ba mu dasa ba, gaɓa ta zube da yawa. A gaban maƙabarta kuwa ruwan na shiga cikin ƙafafun nan da ƙarfinsa, kafin ya fito ya gaji, sai ya taɓa gaɓa a hankali ya koma. Na zauna kusa da Haliru na yi kukan da ban samu na yi ba ranar da ya rasu.

Da na tashi komawa gida, Malam ya yi mini alkawari ba mai sa gatari a wurin muddin yana da rai, Iya Abla ta ce bayan ransa ma akwai jikokinta. Ta cika mini buhu da banda, ta ce in na isa in gai da albasa.

Mun fita muna 'yan jihar Sakkwato, na dawo na tarar an mai da mu 'yan jihar Kebbi. Yaran da na bari ba wando sun zama samari. Duk tsawon hanya ina shirya yadda zan ba Inna labari, ta ina zan fara, me zan faɗa, me zan rage. Na same ta a tsakar gida bisa tabarma, idonta ya yi rauni ƙwarai. Ta shafa fuskata da hannu biyu, ta ce na rame, ta ce ina warin hayaƙi. Faɗan da na zata ba ta yi ba. Sai da 'yan sannu da zuwa suka watse ta matso.

"Wa yay yi mishi wanka?"

"Ni da liman, Inna."

"An samu mutane wurin salla?"

"An samu, sahu-sahu."

Ta gyaɗa kai. Na ɗauka ta gama. Na gyara zama ina neman bakin zaren labarina, sai ta ce:

"Wurin da kunka aje shi, da inuwa?"

Da ƙyar na ce, "Da inuwa, Inna. In la'asar ta yi, har bisa kainai takan kai."

"To, alhamdu lillahi," in ji ta. "Shi dama tun shina ƙarami ba ya son rana."

Maganar ruwa ba ta taso ba, ni ma ban tashe ta ba, har ranar da muka kai Inna nata makwancin.